Kaji Takwas Daga Bayan Khulais

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ranar Asabar, tun titunan unguwarmu ta Madain Fahd a Jidda ba su farka ba. Mu biyu ne, ni da ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda yake da ƙaramar bas ta ɗaukar kaya mai na'urar sanyi da ke aiki gwargwadon yadda ta kwana. Ya kwantar da kujerun baya, ni kuma na jera kwalaye huɗu da na huda wa ramukan iska, da kwanonin roba huɗu, da jarkar ruwa, da wata takarda da na cika da rubutu bayan na shafe mako biyu ina karatu a kan kiwon kaji. Wata gonar ƙwai muka nufa a bayan Khulais, arewa da Jidda. Abin da za mu ɗauko kaji takwas ne waɗanda suka gama aikinsu.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Kazar gonar ƙwai tana shiga keji tun tana budurwa, ta yi ta saka ƙwai kusan kullum, har lokacin da sakarta ta ragu. Ranar da aka ga abincinta ya fi ƙwanta tsada, sai a kwashe ɗakin gaba ɗaya a yini guda, a sayar wa dillalai. Wani Bamaraɗe da ke shugabantar ma'aikatan gonar ne ya ba ni wannan labari a ƙofar masallacin unguwarmu, wata Juma'a da ya shigo gari. Na daɗe ina juya maganar a raina. Shekarata hamsin ina karyawa da ƙwai, ban taɓa tambayar inda mai shi take kwana ba. Ban tabbata tausayi ne ya motsa ni ba ko kunya, kuma har yau ban gama raba su ba. Na dai ce masa idan ranar ta zo ya ajiye mini takwas.

Wurin ajiye su ba nawa ba ne. Ummi, mahaifiyata, ita ce mai kaji. A tsohon gidanmu na unguwar Sa'alaba tana da garke sosai. Da muka tashi, kaji huɗu da zakara ɗaya kawai suka biyo ta, suna kiwo a ɗan tsakar gidan da ke bayan ɗakinta. A nan na kewaye wani lungu da waya, na yi masa rumfa, domin baƙin su zauna dabam kafin a haɗa su da 'yan gida. Har wani gyara na ƙara da ba a sa ni ba. Mukayyif ɗin ɗakin Ummi, wato na'urar sanyin da ke maƙale a bango, ya shekara yana ɗigar da ruwa ta baya, ya yi wa bangon kore. Na sayo tiyo na ɗaura masa, na kai bakinsa magudana. Na yi alfahari da wannan aiki ƙwarai.

Da za mu fita, Ummi ta rako mu ƙofa da carbi a hannu.

"Takwas ka ce, takwas nake so, da ransu. Kar ka kawo mini gawa a kwali," in ji ta. "Kuma in ka shiga, ka dubi yadda suke ci da yadda suke sha. Ba takardarka za su karanta ba."

Ɗan'uwana, wanda ke kiranta Khala, wato inna da Larabci, ya leƙo ta tagar mota. "Khala, kar ki damu. Ustaz ya haddace littafin kaji tun daga bango har bango. Yalla, ya Ustaz."

Haka yake kirana tun da mahaifinmu ya tura ni jami'a a Nijeriya na dawo da Hausar littafi, alhali tasa rabi Larabci ce.

Hanyar Haramain da sassafe abar sha'awa ce. Babu cunkoso, sai manyan motocin da suka kwana suna tafiya da motocin ma'aikata cike da mutane masu gyangyaɗi. Mun bi ta gefen gari har muka wuce filin jirgi, rana tana fitowa ta hannun damanmu cikin wani hazo mai nauyi da danshin teku ke haifarwa. Ɗan'uwana ya san inda kowace kyamarar hanya take kamar yadda ya san gidajen dangi, yana rage gudu yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Da muka karkata zuwa Usfan, gine-gine suka janye, ƙasa ta buɗe: rairayi fari, duwatsu baƙaƙe a warwatse kamar an zubar da gawayi, da ƙananan itatuwan ƙaya da ba su da inuwar kirki. Nan da can akwai masu raƙuma da suka kafa shinge a bakin titi suna jiran masu sayen madara.

A Usfan muka karya kumallo. Wani ɗan shago ne mai tanderu, inda Ba'afgane ke manna gurasar tamis yana zaro ta da ƙugiya, maƙwabcinsa Bayamane kuma yana kwaso ful, wato dafaffen wake, daga tulun ƙarfe. Abin da muka biya mu biyu, har da shayi mai madara, bai kai abin da nake biya ni kaɗai a Bagdadiyya kusa da ofishinmu ba, kuma gurasar ta fi ta can girma da zafi. Ɗan'uwana ya nemi a soya masa ƙwai uku a kai. Na dube shi. Ya ce ai ziyarar masu shi za mu, ladabi ne mutum ya san aikinsu kafin ya gaishe su.

Bayan Khulais muka bar kwalta muka bi wata hanyar tsakuwa tsakanin gonakin kankana da na kuɓewa, har muka hango dogayen ɗakuna farare marasa taga, a jere, kowanne da manyan fankoki a ƙarshensa. Wari ne ya fara tarbar mu kafin mai gadi. A bakin ƙofa aka sa motar ta ratsa wani kwarin ruwan magani, mu kuma aka ba mu riguna da takalman roba. Manyan motocin dillalai biyu, irin waɗanda mutanen Nijar ke kira kamyo, sun riga mu isowa, ana loda musu akwatuna.

Bamaraɗen ya fito da fara'a. "Alhaji, kun zo lahiya? Kamyo na biyu ke nan muke cikawa. Taho ka gani kahin a gama."

Na shiga ɗakin, kuma zan faɗi abin da na gani ba tare da ƙari ba. Wuri ne mai sanyi da tsabta fiye da yadda na zata. Fitilu ne a madadin rana. Kejuna hawa-hawa sun miƙe har inda ido ya gaza, kowanne da kaji a cushe, ƙasansa waya ce mai gangare domin ƙwai ya mirgino da kansa. Abinci yana zuwa ta wani dogon kwami a gabansu. Ruwa kuma yana bin wani siririn bututu a saman kawunansu, wanda ke da 'yan tsinkayen ƙarfe masu sheƙi a jikinsa. Idan kaza ta ɗaga kai ta tsattsagi tsinken, ɗigo ɗaya ya faɗo mata a baki. Dabarar ta burge ni. Na ɗauki hotonta da waya, na yi wa Bamaraɗen tambayoyi a kan matsin ruwan da yadda ake wanke bututun. Na fito ina ganin na cika umarnin Ummi: na dubi yadda suke ci, na dubi yadda suke sha.

Shi ya zaɓo mini takwas ɗin. Duk farare ne, ko in ce sun taɓa zama farare. Wuyansu da ƙirjinsu babu gashi, wayar keji ta cinye. Zankonsu ya kwanta gefe, ya koɗe kamar tsohon ƙyalle. Faratansu sun yi tsawo sun lanƙwashe domin ba su taɓa tona ƙasa ba. Da aka fito da su haske suka runtse ido, suka yi tsit. Kuɗin kowace ɗaya bai kai na shawarma biyu ba. Muka sa su bibbiyu a kwali, muka kunna musu sanyin mota. Bamaraɗen ya ambata, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa tun kafin asuba aka rufe ruwan ɗakin saboda kwashewa.

A nan ya kamata mu juya. Amma ya riga ya hura gawayi a gindin wata bishiya, ya ɗora ɗan buta.

"Wallahi Alhaji ba ka tahiya ba ka sha shayi ba. Ka zo tun daga Jidda, in bar ka haka? Mi za a ce da ni?"

Duk wanda ya zauna da mutanen Nijar ya san shayinsu ba kofi ɗaya ba ne. Zagaye uku ne, kowanne da dahuwarsa, kuma tashi bayan na farko cin fuska ne. Na san da haka lokacin da na zauna. Na kuma san akwai kaji a mota. Na auna biyun, na zaɓi kada in ɓata wa mutumin da ya yi mini alheri, na gaya wa kaina ai na'urar sanyi tana aiki. Hirar ta yi daɗi. Ya ba mu labarin shekarunsa a gonar, da yadda yake gane ciwon ɗaki guda daga sautin kukan kajin tun kafin likita ya zo. Sai da muka kusa cinye awa guda da rabi. Da muka tashi rana ta take tsaka, tsakuwa tana ƙona tafin takalmi.

Dawowa ba ta yi sauƙin zuwa ba. Kafin Usfan muka tarar da aikin hanya an matse motoci layi ɗaya, muka yi ta jan ciki a bayan tankar ruwa. Na'urar sanyin bas ɗin ta fara hura iska mai ɗumi. Warin kuwa ba a magana. Ɗan'uwana ya ce ko ya sayar da motar nan, mai saye zai riƙa jin kukan kaza a mafarki. Na juya na buɗe kwali ɗaya. Bakunansu a buɗe, fukafukai a sake, suna haki.

Muka tsaya a wani gidan mai da ke da masallaci. Na cika kwanonin nan huɗu da ruwa, na ƙara ƙanƙarar da na saya a shagon wurin, na sa wa kowane kwali ɗaya. Muka yi azahar muka dawo. Ruwan yana nan yadda na bar shi. Wata ma ta taka cikin kwanon tana tsaye, tana haki, ba ta ko sunkuya ba. Na duba takardata, na yanke hukunci cikin muryar wanda ya sani cewa tsoro ne ya hana su, kuma da ƙishirwa ta kai musu da sun sha. Na faɗi haka da cikakken tabbaci.

A kwali na ƙarshe, ɗaya ta kwanta a gefenta. Ita ce mafi ƙanƙanta, mai wani baƙin tabo a fuffuke. Idonta a rufe, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar.

Ɗan'uwana ya dube ta, ya daina wasa. "Ya Ustaz, wannan halas. Akwai wuƙa a mota. Mu yanka ta yanzu mu ba mai gadin nan, kafin ta zama mushe. Haram a bar ta haka."

Maganarsa tana da hujja, kuma na san haka. Idan ta mutu a kwali, ta sha wuyar banza, namanta ya haramta, ni kuma na isa gida da abin da Ummi ta ce kada in kawo mata. Idan muka yanka ta, na ɗauko ta daga wuƙar dillali na kai ta ga tawa, bayan na ƙara mata yinin azaba. Na tsaya da ita a hannu, jikinta zafi kamar burodin da aka zaro. Na ce masa saura ƙasa da awa guda, ya ja motar. Na jiƙa gefen rawanin kaina na lulluɓe ta, na ɗora ta a cinya. Kyamarorin hanya ba su samu gaisuwa a dawowa ba.

Mun shiga Madain Fahd gab da la'asar. Ummi tana zaune a kan kujerarta a tsakar gida, kajinta huɗu da zakaran suna kwance a inuwa. Muka saki bakwai a cikin lungun waya. Ba su san abin da za su yi da ƙasa ba; suna ɗaga ƙafa ɗaya su ajiye a hankali kamar masu taka garwashi. A gabansu akwai babban daro cike da ruwa mai sanyi. Suka tsaya kewaye da shi suna haki. Babu wadda ta kalle shi.

Na miƙa wa Ummi ta takwas ɗin. Ta karɓe ta, ta taɓa maƙoƙonta, ta buɗe bakin ta leƙa.

"Tun yaushe rabon su da ruwa?"

"Na ba su a hanya, Ummi. Sun ƙi sha."

"Kaza ba ta ƙin ruwa a wannan zafi. Na ce ka dubi yadda suke sha. Ka duba?"

Na zaro waya da sauri, kamar ɗalibin da aka tambayi abin da ya karanta, na nuna mata hoton. Ta nisanta shi daga idonta, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗaga kai ta dubi lungun. Ni ma na bi idonta. Ɗaya daga cikin kajin ta bar sauran ta koma jikin bango, ta miƙe wuya sama iyakar ƙarfinta. A inda na ɗaura tiyo a bayan mukayyif, ɗaurin bai kama sosai ba, ɗigo ɗaya yana taruwa yana sheƙi, ya daɗe kafin ya faɗo. Shi take jira.

"Kai da iliminka," in ji Ummi. "Waɗannan tun da aka halicce su ruwa daga sama yake zo musu. Ka ajiye musu tafki a ƙasa, ina suka san shi? Cire robar nan taka."

Na hau kujera na fizge tiyon. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san yadda na'urar sanyi ke zubar da ruwa a lokacin danshi. Ɗigo ya fara sauka a jere daga bakin ƙarfen, tal, tal, tal, ta kan wayar rumfa. Kaji bakwai suka ɗaga kai lokaci ɗaya. Suka ruga, suna tuntuɓe da dogayen faratansu, suka cushe a ƙarƙashinsa kamar yadda suka saba cushewa, kowace tana tsattsagar iska.

Ummi ta tashi da mai baƙin tabon a hannu, ta tallafi kanta, ta sa bakin daidai inda ɗigon ke faɗowa. Na farko ya gangare ta gefe. Na biyu ma haka. A na uku maƙogwaron ya motsa. Ummi ta tsaya a wurin, mace mai shekaru kusan tamanin, hannayenta a sama, ta ƙi ba ni in karɓe ta, har aka kira la'asar kazar ta buɗe ido.

Ɗan'uwana ya sauke ajiyar zuciya. "Khala, wallahi ke ya kamata a tura jami'ar."

"Jeka wanke motarka," in ji ta. "Tun daga nan nake jin ta."

Kafin magariba na huda ƙasan gorunan ruwa huɗu da allura, na cika su da ruwan sha, na rataye su a rumfar daidai tsayin wuyan kaza, domin ruwan na'ura na ceto ne, ba na kullum ba. Da su suka rayu kwanakin farko. Ummi kuma kowace safiya takan kama su ɗaya bayan ɗaya ta tsoma bakinsu a daro, kamar yadda take yi wa 'yan tsaki. Da aka cika mako biyu muka buɗe wayar. An yi 'yan faɗace-faɗace, zakaran ya yi ta zagaye yana nuna muhimmancinsa ba tare da ya raba kowa ba. Amma tsohuwar jar kazar Ummi ce ta gama aikin da muka fara: duk lokacin da ta sunkuya a daro, fararen sukan tsaya suna kallonta, har wata rana na ga mai baƙin tabon ta sunkuya a gefenta. Yanzu mako na shida ke nan. Takwas ɗin suna nan. Gashi ya fara tsiro musu a wuya kamar ƙaya, zankonsu ya yi ja, kuma sun koyi birgima a ƙasa, abin da ya tsorata ni ranar farko domin na ɗauka farfaɗiya ce.

Ga wanda ke son yin irin wannan tafiya, ina ƙarfafa masa gwiwa. Kajin nan suna da sauran rayuwa a jikinsu, kuma ba sa buƙatar fili mai yawa. Ya je da sassafe ya dawo da sassafe. Ya nemi afuwar mai shayi tun kafin a hura gawayi, domin bayan an hura babu mafita. Ya tafi da gora mai ɗiga, ba kwano ba. Game da wuƙar da na hana a gidan mai, ba zan ce rayuwar kazar ta nuna ni ne mai gaskiya ba. Da cunkoson ya ƙara rabin awa, da ɗan'uwana ne mai gaskiya, kuma da wahalarta tana wuyana. Abin da na tabbata da shi ɗaya ne: na shiga ɗakin nan na ga bututun, na yaba wa wanda ya ƙera shi, na ɗauki hotonsa, ban tambayi kaina ko sau ɗaya ba abin da ya koya wa mai sha a ƙarƙashinsa. Ummi ba ta je Khulais ba, kallo ɗaya ta yi wa hoton da ni na ɗauko.

Tiyon yana nan rataye a ƙusa, ban mayar da shi ba. Bangon ya sake yin kore. Duk da sun iya shan daro yanzu, da rana ta take sai ka ga fararen nan takwas sun taru a gindinsa, kawunansu a sama, jar kazar Ummi kuma tana tsaye a gefe tana kallonsu. Jiya na ga ita ma ta ɗaga kai.